Sunan Vivitar Ba Ya Nuna Wanda Ya Ƙera Gilashin

Da yawa in sun ga Vivitar a jikin tsohon gilashin kyamara, irin wanda ake murɗawa da hannu, sai su ɗauka Vivitar ne ya ƙera shi. Ba haka ba ne. Kamfanin Amurka ne da a wancan lokacin yake ba masana'antun Japan kwangila, a buga sunansa a kai.

Wanda ya yi aikin yana ɓoye ne a lambar siriyal, wato doguwar lambar da ke jikin gilashin. A yawancin na shekarun 1970 zuwa 1980 da wani abu, lambobi biyun farko su ne shaida: 22 na Kiron, 28 na Komine, 37 kuma na Tokina. Shi ya sa gilasai biyu masu suna ɗaya suke bambanta wajen kaifin hoto. Ni kam, lambar nake fara dubawa kafin sunan.