Sake fasalin ginin makaranta: tambayoyin da na gaji da amsawa

In aka shafa fenti kala-kala, yara za su fara ƙirƙira?

A'a. Yaron da zafi ya dafa ba ruwansa da launin bango.

To da gaske gini na shafar karatu?

Ƙwarai. A 2015 masu bincike na Jami'ar Salford ta Ingila sun duba azuzuwa 153 a makarantun firamare 27, suka gano cewa yanayin aji ne ke da alhakin kashi 16 cikin ɗari na bambancin ci gaban ɗalibai a shekara. Haske da iska da zafi ne suka fi nauyi. Ku fara da taga, don Allah.

Matasan masu zanen gini ba za su kwafsa ba?

Kwantar da hankalinku. Francis Kéré yana ɗalibi a Berlin ya zana makarantar Gando ta Burkina Faso, aka gama ta a 2001: tubalin ƙasa, da rufin kwano da aka ɗaga sama don iska mai zafi ta fice. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Anna Heringer ma tana matashiya ta yi makarantar METI a Rudrapur ta Bangladesh da laka da gora, har da 'yan kogunan da yaro zai shige ya yi tunaninsa shi kaɗai.

A cire bangon da ke raba azuzuwa?

Nan fa ake yin ta. Ba zan ce eh ba, ba kuma zan ce a'a ba. An gwada wannan a Amurka da Ingila a shekarun 1960 da 1970, makarantu da yawa suka dawo suka sake gina bangon, saboda hayaniya ta hana malami jin kansa. Amma makarantar Vittra Telefonplan ta Stockholm, wadda Rosan Bosch ta tsara cikinta, babu azuzuwa irin na gargajiya. Abin da ake mantawa shi ne can salon koyarwar ma daban yake, yara na aiki rukuni-rukuni. In malamanku har yanzu a gaban allo suke tsayawa su yi ta bayani, cire bango rikici kawai zai haifar. Wataƙila mafi aminci shi ne bango mai zugewa, da lunguna na masu son shiru, da silin mai shanye sauti. Ko shi ma ya danganta da yawan yara da shekarunsu, kuma mai matsalar ji shi zai fi kowa wahala. Sannan wani bangon shi ke ɗauke da rufi, kada kowa ya ɗaga guduma sai injiniya ya duba.

Sai an sayo kwamfutoci?

Ba dole ba. Tebur mai faɗi da za a iya ɓatawa, da kujerun da yaro zai iya ja da kansa, su ne kan gaba.

A tambayi yara ra'ayinsu?

Wa zai zauna a ciki? A tambayi masu shara ma.