Biyu bisa uku: lambar ƙasa ba ta taruwa

Tun bayan zaɓen Disamban 2024, da wuya ka kunna rediyo a Kumasi ba ka ji ana ta "biyu bisa uku" ba. Kujerun majalisar dokokin Gana 276 ne, biyu bisa ukunsu 184, adadin da ake buƙata kafin a gyara wasu sassan tsarin mulkin 1992. Wannan kowa ya haddace. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake wasa da lambar ƙasa, wato wadda ke ƙarƙashin layi, kamar 3 a cikin 2/3.

Sai ka ji mai sharhi ya ce wancan ɓangare na da rabi, wannan na da sulusi, in sun haɗu biyu bisa biyar ke nan. Ya tara na sama, ya tara na ƙasa. Haba! Biyu bisa biyar ai ko rabi bai kai ba, ta yaya za a ƙara maka abu kuma ka ragu? Lambar ƙasa gida nawa aka raba abin take faɗa, wato girman kowane kaso. Sai kason ya zo daidai ake tarawa: rabi 3/6 ne, sulusi 2/6, jimla 5/6.

Malaman rabon gado na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi sun fi masu sharhin nan iya wannan lissafi nesa ba kusa ba, kuma a zaure suka koye shi. A ce mutum ya rasu, mahaifinsa ya riga shi, ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza da mata. An biya bashi, an fitar da wasiyya, saura sidi 48,000. Matar na da sumuni, 1/8, uwa na da sudusi, 1/6. Malam zai fara nemo mafi ƙanƙantar lambar da takwas da shida duk suke raba ta ba saura, wato 24, ita ake kira asalin mas'ala. Matar ta ɗauki kaso 3, uwa 4, bakwai ke nan. A cire daga 24, saura 17 na 'ya'ya. Kowane kaso sidi 2,000: matar 6,000, uwa 8,000, 'ya'ya 34,000.

To da lissafin rediyo aka bi, da an ce 2/14. Matan nan biyu, mai takaba da tsohuwar da ta binne ɗanta, da sun tashi da abin da bai kai 7,000 ba, alhali haƙƙinsu 14,000 ne. Shi ya sa nake jin zafi in na ji ana yaɗa kuskuren nan a iska, yara 'yan makaranta na saurare.