Waiwaye: Yadda Tallafin Makarantun Karkara Ya Koma Abin Muhawara

Duk wanda ya taɓa bin ayarin masu ba da tallafi zuwa wata firamare ta ƙauye ya san yadda ranar take tafiya. An share fili tun da sassafe, yara sun yi layi, an fito da littattafan da aka kawo bara an jera su a kan teburi, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Baƙi su leƙa sabon aji, su ɗauki hoto, su rubuta yawan ɗalibai, su koma mota. Yanzu da ƙasashe masu arziki ke rage kuɗin agaji, ana ta cacar baki kan ko wannan ɗawainiya ta shekara da shekaru ta haifar da ɗa mai ido. Wasu na magana kamar jiya aka gano matsalar, alhali ta daɗe.

Tun 1948 aka rubuta a Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya cewa ilimin firamare kyauta ne kuma dole. Ministocin ilimi na Afirka sun haɗu a Adis Ababa a 1961 suka sa 1980 a matsayin shekarar da kowane yaro zai kasance a aji. Wa'adin ya wuce. Aka sake alkawari a Jomtien ta ƙasar Tailan a 1990, aka maimaita a Dakar a 2000, aka ɗaga wa'adi zuwa 2015. Malawi ta soke kuɗin makaranta a 1994, Yuganda a 1997, Kenya a 2003, yara suka yi ta tururuwa har azuzuwa suka kasa ɗauka. Nan ƙungiyoyin agaji suka shigo da bulo, benci da littattafai. Abin da aka ƙirga a duk tsawon wannan lokaci shi ne abin da ido ke gani: kawuna nawa, ɗakuna nawa, kwali nawa.

Wurin da labarin ya juya ba zauren taro ba ne. A yammacin Kenya ne, yankin Busia da Teso, a 1996. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan tana shirin taimaka wa makarantu 100, amma kuɗinta ba zai kai ta yi wa duka a lokaci guda ba. Sai ta yarda da shawarar masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan aikinsa: a fara ba makarantu 25 littattafan karatu, a zaɓe su ta hanyar da ba son rai a ciki, sauran su jira, sannan a gwada yaran ɓangarorin biyu da jarrabawa iri ɗaya. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mai kyauta ya amince a auna kyautarsa.

Kowa ya ɗauka sakamakon a bayyane yake, domin a makarantun nan yara da dama ne ke raba littafi guda. Da aka duba maki, matsakaicin ɗalibi bai motsa ba. Waɗanda suka amfana su ne 'yan ƙalilan ɗin da dama can suke kan gaba a aji. Dalilin kuwa yana cikin littafin kansa. Da Turanci aka rubuta shi, wanda ga yawancin yaran harshe na uku ne, bayan na gida da Suwahili, kuma an tsara shi ne daidai da manhajar da ta ɗauka cewa yaron aji biyar ya iya duk abin da ake koya a aji huɗu. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ko ka ba shi littafi goma, kallonsu kawai zai yi. Da wani baƙo ya kai ziyara a wannan shekarar, da ya ga littattafai a hannun yara, ya rubuta rahoton nasara, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ba su tsaya nan ba. An gwada manyan zane-zanen koyarwa da ake ratayewa a gaban aji, su ma ba su ɗaga maki ba. Daga 1998 aka gwada ba yara maganin tsutsar ciki a makarantu 75. Rashin zuwa makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu (daga baya masana sun yi ta jayayya kan lissafin), amma a jarrabawa ba a ga wani canji ba. Wato yaro na iya zuwa, ya zauna a kan benci mai kyau, da littafi a gabansa, ya tashi kamar yadda ya zo. Ni a ganina, a nan ya kamata a ce an sauya tambayar da ake yi idan an je ziyara. Sai dai cikakken rahoton littattafan bai fito a mujallar masana ba sai 2009, kuma hoton sabon gini ya fi saurin shiga zuciyar mai bayarwa fiye da jadawalin maki.

Indiya ce ta ɗauki zaren. A 2005 ƙungiyar Pratham ta fara tura masu sa kai gida-gida a ƙauyuka da takarda guda, mai ɗauke da haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi da ɗan labari, a ce wa yaro ya karanta. Shekara bayan shekara amsar kusan ɗaya ce: wajen rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta rubutun aji biyu. Maganin da suka fito da shi ba shi da kwalliya. A raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba, a koyar da kowa daga inda ya tsaya. Gwaje-gwaje sun nuna yana aiki, har wasu ƙasashen Afirka irin su Zambiya suka ɗauka. Kremer, Abhijit Banerjee da Esther Duflo sun samu lambar Nobel a 2019 kan irin wannan bincike.

A shekarar ce kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Bayan rufe makarantu lokacin korona, ƙiyasin 2022 ya kai kusan kashi 70. Wannan adadi ne masu cewa a janye tallafi ke kafa hujja da shi, su kuma masu cewa a ƙara suna nuna miliyoyin yaran da suka shiga aji tun 1990. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Takardar gwajin karatu irin ta Pratham ba ta ɗaukar fiye da 'yan mintuna da kowane yaro, amma har yau a yawancin ziyarori sai an gama zagaya gini da jawabai ake tuna ta, in ma an zo da ita, lokacin direba ya riga ya tada mota.