Kan Sarkin Magangarar Ruwa ta Llandovery

Kan sarkin Llandovery shi ne kan sarki na farko mai ɗauke da hoton wani wuri da tsibirin Jamaika ya fitar. An fara sayar da shi a gidajen waya ranar 1 ga Mayu, 1900, a kan peni ɗaya, wato kwabo ɗaya a tsohon kuɗin Ingila, kuma hoton da ke jikinsa na wata magangarar ruwa ce da ke gundumar St Ann a gaɓar arewacin tsibirin. An shirya shi ne domin tunawa da shigar Jamaika cikin tsarin aika wasiƙa a kan peni ɗaya tsakanin ƙasashen daular Birtaniya. Sai dai bai iso a kan lokaci ba, don haka ya zama kan sarkin yau da kullum da kowa ke liƙawa a ambulan.

Abin da ya gabace shi

Jamaika ta daɗe da sanin harkar wasiƙa, domin tun a 1671 aka kafa gidan waya a tsibirin, shekara 16 bayan Ingila ta ƙwace shi daga hannun Sifaniyawa a 1655. Daga 1858 aka riƙa amfani da kan sarkin Birtaniya, ana buga masa hatimi mai lamba, kuma na birnin Kingston shi ne A01. A 1860 gwamnatin tsibirin ta karɓi ragamar gidan waya, ta fitar da nata kan sarkin, wanda kamfanin De La Rue na Landan ya buga a kan takarda mai ɓoyayyen tambarin abarba.

Tun daga wannan shekara har zuwa 1900, duk kan sarkin wasiƙa da Jamaika ta fitar fuskar Sarauniya Victoria ce a jikinsa. Launi yana canzawa, farashi yana canzawa, adon da ya kewaye fuskar ma yana canzawa, amma fuskar tana nan daram har shekara 40. Sunan da Hausa ta raɗa wa wannan 'yar takarda ma daga irin wannan al'ada ya samo asali, kuma na Llandovery yana cikin waɗanda suka fara saɓa wa sunan, domin kan sarki ne da babu kan sarki a jikinsa.

Dalilin fitar da shi

A ranar 25 ga Disamba, 1898, aka ƙaddamar da tsarin da ya rage kuɗin aika wasiƙa tsakanin Birtaniya da yawancin ƙasashen da ke ƙarƙashinta zuwa peni ɗaya a kan kowace rabin oza, alhali a da peni biyu da rabi ake biya. Kanada ta yi bikin wannan ragi da kan sarki mai taswirar duniya, inda aka shafa wa ƙasashen daular jan launi. Jamaika ba ta shiga tsarin nan take ba, sai ranar 24 ga Mayu, 1899, wadda ta dace da ranar haihuwar Sarauniya. Kafin a zaɓi hoto, a aika da shi Landan, a sassaƙa faranti, a buga, sannan a yi wa kayan jigila a jirgin ruwa, kusan shekara guda ta shuɗe. Wannan ne ya sa masu tara kan sarki ke rabuwa biyu a kansa: wasu na lissafa shi cikin na tunawa saboda niyyar da aka yi shi da ita, wasu kuma na sa shi cikin na yau da kullum saboda yadda aka yi amfani da shi.

Zaɓen hoton ruwa da kurmi bai zo haka kawai ba. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙasashe da dama da ke ƙarƙashin Birtaniya sun gane cewa kan sarki talla ce da ke shiga kowane gida ba tare da an biya kuɗin talla ba. Giyana ta Birtaniya ta sa magangarar Kaieteur a nata a 1898, New Zealand ta fitar da jerin hotunan duwatsu da tafkuna a wannan shekarar, Tasmaniya kuma ta biyo baya da jerin da ya haɗa da magangarar Russell da ta Dilston. A daidai lokacin ne kasuwar sukari ta Jamaika ta ja baya, cinikin ayaba ya bunƙasa, jiragen da ke ɗaukar ayaba zuwa Amurka kuma suka fara dawowa da baƙi masu guje wa sanyin hunturu. Tun baje kolin da aka yi a Kingston a 1891 hukumomi ke neman hanyar jawo irin waɗannan baƙi, kuma hoton ruwa yana zubowa cikin ganyaye shi ne abin da ake son su gani.

Wurin da mai ɗaukar hoton

Gundumar St Ann, wadda ake yi wa laƙabi da gundumar lambu, ƙasa ce ta dutsen farar ƙasa. Ruwan sama yana nutsewa cikin dutsen, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, sannan ya ɓullo kusa da gaɓa ya gangara teku a kan matakan dutse, kuma wannan ne ya sa magangarun ruwa suka yawaita a yankin. Ta Llandovery tana kan kogin da ya ratsa wata tsohuwar gonar rake mai wannan suna, yamma da garin St Ann's Bay. Sunan kuwa na wani gari ne a yankin Wales na Birtaniya, kamar yadda masu gonakin zamanin suka saba raɗa wa gonakinsu sunayen garuruwan da suka baro. Saboda haka wanda bai san tsibirin ba yana iya karanta rubutun da ke jikin kan sarkin ya zaci wani wuri ne a Wales.

An ɗauko zanen ne daga hoton da Dakta James Johnston ya ɗauka. Johnston likita ne kuma ɗan mishan, haifaffen Scotland, wanda ya zauna a garin Brown's Town na gundumar ta St Ann. Ya yi suna da wata doguwar tafiya da ya yi a kudancin tsakiyar Afirka a farkon shekarun 1890 tare da wasu 'yan Jamaika, daga baya kuma ya zama ɗaya daga cikin masu tallata tsibirin da hotuna ga masu yawon buɗe ido.

Yadda aka buga shi

De La Rue ne ya buga shi, amma ba da irin ɗab'in da ya saba yi wa ƙananan kan sarki masu fuskar Sarauniya ba. An sassaƙa zanen ne a cikin ƙarfe, layi bayan layi, ta yadda tawada ke cika ramukan sassaƙar, a goge saman farantin, sannan a danna takarda mai laima da ƙarfi har ta tsotso tawadar. Wanda ya shafa yatsa a kan wanda bai tsufa ba zai ji layukan sun ɗan taso. Ya fi kan sarkin da aka saba girma, kuma kwance yake, faɗinsa ya fi tsayinsa. Haƙoran gefensa 14 ne a kowace santimita 2, wanda shi ne ma'aunin da masu tarawa ke amfani da shi. Idan aka ɗaga shi sama aka haska, za a ga ɓoyayyen tambarin kambi da haruffan CC a kwance a cikin takardar, alamar ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin kambin Ingila kai tsaye. Ƙananan kan sarki sun riga sun koma takarda mai haruffan CA tun farkon shekarun 1880, amma manya irin wannan sun ci gaba da fitowa a kan tsohuwar takardar.

Bugun farko ja ne gaba ɗaya. Wannan ya dace da tsarin launukan da Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta amince da shi, wanda ya ware kore da ja da shuɗi ga farashi uku da aka fi amfani da su, domin ma'aikaci a kowace ƙasa ya gane kuɗin da aka biya ko da bai iya karanta harshen ba. Sai dai ja bai yi wa hoton adalci ba. Ruwan ja, itatuwan ja, duwatsun ja, adon gefen ma ja, har ido ya rasa inda ruwa ya tsaya da inda ganye ya fara. A ranar 25 ga Satumba, 1901, aka sake fitar da shi da launi biyu, hoton tsakiya baƙi mai ɗan toka-toka, adon gefe kuma ja. Gyaran ya yi amfani ƙwarai, domin farin takardar ya fito a matsayin kumfar ruwa, hoton kuma ya koma kama da ainihin hoton da aka ɗauko shi daga gare shi. Amma launi biyu na nufin takarda ta shiga injin sau biyu, don haka akan ci karo da waɗanda hoton tsakiyarsu ya ɗan goce ya hau kan adon gefe.

Bayansa

Kan sarkin bai daɗe yana aiki ba. Sarauniya Victoria ta rasu a Janairun 1901, tsakanin bugun farko da na biyu, kuma daga 1903 Jamaika ta koma fitar da ƙananan kan sarki masu ɗauke da tambarin tsibirin. Sarki Edward na 7 bai bayyana a kan sarkin Jamaika ba sai sau ɗaya, a 1911, bayan ya riga ya rasu. Hotunan wurare ba su dawo ba sai da jerin da aka fara fitarwa a 1919.

Da yake an buga shi da yawa kuma an yi ta amfani da shi a wasiƙun cikin gida da na waje, ba shi da tsada a wurin masu tarawa, musamman wanda aka riga aka buga wa hatimi. Abin da suka fi nema shi ne hatimin kansa, domin girman kan sarkin ya sa sunan ƙaramin gidan waya na ƙauye da kwanan wata sukan fito cikakku a jikinsa. A manyan kundayen farashi na Stanley Gibbons da Scott lambobinsa 31 da 32 ne a ƙarƙashin Jamaika.

Ita kanta magangarar ba ta riƙe shahararta ba. Wadda baƙi ke tururuwa zuwa gare ta a yau ita ce ta kogin Dunn kusa da Ocho Rios, a cikin gundumar ta St Ann, mai tsayin kusan mita 55, wadda ake hawa da ƙafa ana riƙe da hannun juna, kuma hotonta ne aka sa a bayan tsohuwar takardar dala 100 ta Jamaika mai ɗauke da fuskar tsohon firaministan ƙasar, Donald Sangster.