Nawar netwok a ƙaramin ofis

Nawar netwok, ko jan ƙafa kamar yadda wasu ke cewa, shine yanayin da kwamfutocin ofis suna haɗe lafiya lau amma komai sai an yi ta jira, shafi baya buɗewa da wuri, fayil ɗin dake kan saba (kwamfutar da ofis ke ajiye fayilolin kowa a kai) sai ya ɗau mintuna, firinta tayi shiru sai can anjima ta fara turo takarda. Tafi yankewar netwok gaba ɗaya wuyar kamawa dan babu abinda ya mutu ƙiri-ƙiri. Kayan ƙaramin ofis dama basu da yawa, rauta ɗaya ce (na'urar dake haɗa ofis da intanet), suwic ɗaya ko biyu (akwatin da ake soka kebul ɗin kwamfutoci dan su haɗu), kebul, Wi-Fi, sai layin kamfanin intanet. Kamfanin ake fara tsinewa kullum, alhali sau da yawa ɓarawon yana cikin gida.

Shi yasa masu gyara ke fara raba gardama: ciki ne ko waje? Da ping ake yi, wani ɗan umarni da Mike Muuss ya rubuta a Disambar 1983, aikinsa ya aika saƙo ya ƙirga lokacin da amsa zata dawo. Za'a fara da adireshin rauta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. In kwamfutar na kan kebul amsar bata wuce milisakan 1 ko 2 (milisakan 1000 ne sakan ɗaya), in kaga tana tsalle zuwa ɗaruruwa ko wasu saƙonnin na ɓacewa toh matsalar a ofis take, kiran kamfani ɓata kati ne kawai. In rauta ta amsa garau sai a gwada na waje kamar 8.8.8.8 na Google, sannan umarnin tracert, mai bin sawun hanyar da saƙo ke bi, ya nuna a wane zango tafiyar ke tsayawa. Akwai kuma ruɗanin lissafi: kamfani da megabit yake sayarwa, kwamfuta kuma megabait take nunawa wajen saukewa, bit 8 ne bait ɗaya, wato layin megabit 20 iyakarsa megabait 2.5 a sakan. Wani ofishin lafiyarsa ƙalau, layin da suka saya ne ƙarami.

Kebul

Nan ne aka fi raina wa kuma nan aka fi samun laifi. Kebul ɗin Cat5e na ɗaukar gigabit 1, wato megabit 1000, har tsawon mita 100, amma sai duk silin waya 8 dake cikinsa suna aiki. Gudun megabit 100 sili 4 kawai yake buƙata, dan haka in ɓera ya ɗan gutsiri kebul ko ƙafar kujera ta danne shi ko kuma ba'a matse kan da kyau ba, sau da yawa haɗin baya yankewa, sai kawai ya sauko daga 1000 zuwa 100 shiru ba sanarwa, mai kwamfutar yayi ta ƙorafi wata da watanni. Duba gudun haɗin a saitin katin netwok na Windows yana tona asirin nan take. Kebul mai araha wanda alminiyom ne aka shafa masa tagulla shima yana jawo irin haka in tafiyar tayi nisa.

Wanda yafi muni shine zobe. Wani ne zai ga kan kebul a ƙasa yana lilo, da kyakkyawar niyya ya soka shi a suwic, ashe ɗaya kan dama a suwic ɗin yake. Daga nan saƙonnin da ake watsawa kowa zasu yi ta zagaye suna ninkuwa har su cinye hanya, fitilun suwic duk su kama ƙiftawa tare kamar sun haukace. Radia Perlman ta ƙirƙiro maganin wannan a 1985, tsarin da ake kira STP, sai dai ƙananan suwic masu arha yawanci basu dashi. Gyaran na hannu ne, a riƙa zare kebul ɗaya bayan ɗaya har fitilun su natsu.

Wi-Fi da cunkoso

A zangon 2.4 GHz tashoshi 3 ne kawai basa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, toh a bene mai shaguna da ofisoshi inda kowa da rautarsa dole ayi ta cin karo. Zangon 5 GHz yafi sarari amma baya ratsa bangon bulo sosai. Ga kuma rautar da aka cusa a bayan kabad ɗin ƙarfe dan kar a sace ta.

Cunkoson turawa ma yana yaudara. Yawancin layuka gudun turawa bai kai na saukewa ba, kwamfuta ɗaya dake loda hotuna a Google Drive ko kyamarar tsaro dake tura bidiyo waje zata iya toshe kowa, saboda saƙonni na taruwa a layi cikin rauta, hatta kiran WhatsApp sai ya riƙa sarƙewa. Haɗa da Windows dake sabunta kanta da wayoyin ma'aikata da na baƙi da duk suka san faswod. Shafin saitin rauta na nuna jerin na'urorin dake kai, kuma adadin kan ba mai ofis mamaki.

Sauran masu laifi ana gane su da alama. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin kwamfuta bata samu adireshi daga rauta ba. In an jona rauta ta biyu dan ƙara Wi-Fi aka manta ba'a kashe DHCP ɗinta ba, wato tsarin dake rabawa na'urori adireshi, su biyun zasu riƙa rabon adireshi, wasu kwamfutocin suyi aiki wasu su ƙi. In shafi na jinkirin farawa amma da ya fara sai ya zubo da gudu, DNS ake zargi, wato tsarin dake fassara sunan shafi zuwa adireshi, a sauya shi zuwa 1.1.1.1 a gani. Ofisoshin dake amfani da rauta mai sim kuwa su duba sharaɗin datarsu, tsarin da ake cewa bashi da iyaka galibi ana rage masa gudu in an wuce wani adadi na gigabait a wata.