Waiwaye: yadda aka gano muryar iska a ƙarƙashin tekun gaɓa

A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun dasa na'urorin saurare a ƙarƙashin ruwan mashigin Chesapeake da ke gabashin ƙasarsu domin su ji motsin jiragen yaƙin Jamus masu nutso. Da bazara ta shigo, sai wani rugugi ya riƙa cika kunnuwan masu sauraren duk yamma, har ba a iya jin farfelar jirgi ko da yana kusa. Da aka bi diddigi, ashe kifaye ne, wani nau'i da ke kaɗa tsokar jikin jakar iskarsa ya yi gurnani. A ruwan ƙasashe masu ɗumi kuma wata ƙara ce ta daban ta addabi masu saurare, mai kama da ƙarar mai a kasko, wadda masanin halittun teku Martin Johnson na cibiyar binciken teku ta Scripps da ke Kalifoniya ya gano cewa wani ƙaramin jatan lande ne ke yin ta da ƙaguwarsa.

Kifi da jatan lande suna da lokacinsu da wurinsu. Amma ko an cire su, an cire jiragen ruwa, akwai wani shuuu da ba ya ɗaukewa dare da rana, yana ƙaruwa idan iska ta taso, yana lafawa idan ta kwanta. Tarihin wannan ƙugi ne za mu bi, musamman a ruwan da ke kewaye da nahiyoyi, wanda zurfinsa bai cika wuce mita 200 ba.

Sanin cewa ruwa na ɗaukar sauti tsohon zance ne. Tun 1490 Leonardo da Vinci ya rubuta cewa wanda ya tsayar da jirginsa, ya tsoma dogon bututu a ruwa ya kara kunne, zai ji jirage daga nesa. A 1826 Daniel Colladon da Charles Sturm suka buga ƙararrawa a cikin tafkin Janeba suka auna gudun sautin, suka samu kusan mita 1,435 a daƙiƙa. A ruwan teku ya kan kai wajen mita 1,500, fiye da ninki huɗu na gudunsa a sararin sama. Sai dai duk waɗannan sautin da suke nema suke saurare. Babu wanda ya damu da hayaniyar da ke bayansa sai da yaƙi ya tilasta.

Dalilin kuwa a bayyane yake. Nakiyar ruwa da ke fashewa idan ta ji ƙarar jirgi, in ba a san iyakar hayaniyar teku ba, guguwa kaɗai za ta iya tayar da ita. Mai sauraren jirgi mai nutso shi ma yana bukatar sanin nisan da kunnensa zai kai a rana mai iska. Aikin tattara ma'aunai ya faɗa hannun Vern Knudsen na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalas, mutumin da aka fi sani da gyaran sautin manyan ɗakunan taro. Shi da abokan aikinsa Alford da Emling suka buga sakamakon a 1948. Abin da suka fitar jerin layuka ne a kan takarda, kowane layi na wakiltar wani mataki na tashin teku. Layukan duka sun karkata iri ɗaya: duk lokacin da yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ya ninka, wato sautin ya ƙara siranta, ƙarfinsa na raguwa da kimanin desibel 5. Ga wanda bai saba da wannan ma'auni ba, ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin sauti ya ninka biyu, desibel 10 kuma ninki goma.

Gordon Wenz na ɗakin binciken sojan ruwa da ke San Diyego ne ya faɗaɗa hoton a 1962. Ya raba hayaniyar teku gida-gida. Sauti mafi kauri, ƙasa da kaɗawa 10 a daƙiƙa, na hargitsin ruwa ne. Daga nan zuwa 'yan ɗaruruwa, jiragen ruwa na nesa ne suka mamaye. Daga wajen 500 har zuwa dubun-dubata, filin iska ne. Can sama da 50,000 kuma motsin ƙwayoyin ruwan kansu ne ake ji. Har yau da wuya ka buɗe littafin wannan fanni ba ka ci karo da zanen Wenz ba, kuma a ganina yawan kwafarsa ya sa mutane da dama sun manta da wata lura da ya yi: a iska ɗaya, ruwa marar zurfi ya fi mai zurfi hayaniya da kimanin desibel 5, kusan ninki uku ke nan.

Shekara biyu bayan haka, C. L. Piggott ya buga ma'aunin da aka ɗauka na tsawon shekara a ruwan gaɓar Nova Scotia ta Kanada. Ya samu cewa idan gudun iska ya ninka biyu, hayaniyar na ƙaruwa da kimanin desibel 7, kusan ninki biyar. Ya kuma ga cewa lokacin sanyi ya fi lokacin zafi ƙara ko da iskar ɗaya ce. Za mu dawo kan wannan.

Duk wannan lokaci ana auna abin da ba a san asalinsa ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma mene ne takamaimai ke yin ƙarar? Wasu sun ce fantsamar ɗigon ruwa ce, wasu sun ce matsin iska ne a kan fuskar teku, wasu kuma karon raƙuman ruwa da juna. Abin mamaki, bakin zaren yana ajiye tun 1933 a cikin wata 'yar maƙala ta Marcel Minnaert, masanin taurari a Utrecht ta ƙasar Holan, wanda ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa ruwa mai gudu ke waƙa. Amsarsa ita ce ƙwayar kumfa. Idan iska ta maƙale a cikin ruwa ta dunƙule, tana kumbura tana motsewa kamar ƙararrawar da aka buga, girmanta kuma shi ke yanke muryarta. Ƙwayar da ke da milimita 1 daga tsakiya zuwa gefe tana kaɗawa kusan sau 3,300 a daƙiƙa. Babba ta fi kauri, ƙarama ta fi siranta.

Sai a 1989 Herman Medwin da abokin aikinsa Beaky, a makarantar sojan ruwa ta Monterey da ke Kalifoniya, suka haɗa wannan da layukan Knudsen. Sun tayar da ƙananan raƙuman ruwa a cikin tanki suna karyewa, suka saurari kumfar ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙwaya kuka ɗaya take yi, a daidai lokacin haihuwarta, na ɗan ƙyaftawar ido, daga nan ta yi shiru ko da za ta daɗe tana yawo a ruwa. Tarin waɗannan koke-koke ne ke ba da shuuu ɗin da Knudsen ya auna shekaru arba'in kafin nan. A daidai wannan zamani Andrea Prosperetti da William Carey, kowa ta fuskarsa, suka kawo bayanin sashen da ya fi kauri: idan babban raƙumin ruwa ya karye, dunƙulen kumfar gaba ɗaya na iya kaɗawa tamkar ƙatuwar ƙwaya guda, ya ba da sautin da ke ƙasa da kaɗawa 500. A 2002 Grant Deane da Dale Stokes na Scripps suka ɗauki hoton cikin raƙumin ruwa yana karyewa, suka nuna cewa a wajen milimita 1 ne hanyar samuwar kumfa ke sauyawa. Har shi jatan landen Johnson, an gano a 2000 cewa ba haɗuwar ƙaguwarsa ce ke ƙara ba, ƙwayar kumfar da yake harbawa ce ke fashewa.

Wannan ya warware abubuwa da dama lokaci guda. Ba iskar kanta ake ji ba, aikin da take sa ruwa ake ji. Shi ya sa idan gudunta bai kai mita 3 zuwa 5 a daƙiƙa ba, kafin farin kumfa ya fara bayyana a kan raƙuman ruwa, hayaniyar ba ta cika bin ta ba. Daga nan kuwa sai ta hau da sauri, domin bisa lissafin Monahan da O'Muircheartaigh na 1980, ninka gudun iska biyu na ninka faɗin farin kumfa kusan sau goma. Shi ya sa kuma hayaniyar ta fi bin gudun iska fiye da tsayin raƙuman ruwa: doguwar igiyar da ta taso daga guguwar da ta auku can nesa tana iya ɗaga jirgi ta sauke, amma tun da ba ta karyewa, bakinta a rufe yake.

Akwai ma inda abin ke juyewa. David Farmer da David Lemon sun ruwaito a 1984, daga ruwan yammacin Kanada, cewa idan iska ta yi tsanani ƙwarai, siririn sauti raguwa yake yi maimakon ƙaruwa. Tsohuwar kumfa da ta riga ta yi shiru tana taruwa a ƙarƙashin fuskar teku kamar bargo, ta shanye kukan sabuwar da ake haifa a samanta.

To, me ya bambanta tekun gaɓa? A tsakiyar teku, inda zurfi ya kai kilomita huɗu ko biyar, sautin da kumfa ta harba ƙasa ya yi tafiya mai nisa kafin ya tarar da wani abu. A ruwa mai mita 30 kuwa, nan take zai bugi ƙasa ya dawo, ya bugi fuskar ruwa ya koma, yana kai-komo kamar murya a ɗakin da ba kaya. Don haka abin da na'ura ke ji ya dogara da shimfiɗar ɗakin. Dutse da yashi mai kauri suna maido da sauti, musamman wanda ya zo a kwance, sai hayaniyar farin kumfa daga kilomitoci masu yawa ta taru wuri ɗaya. Laka mai laushi kuwa haɗiyewa take yi, sai wanda ke saurare ya ji kusan abin da ke saman kansa kawai. William Kuperman da Frank Ingenito ne suka tsara lissafin wannan a 1980, kuma a 1989 Ingenito da Wolf suka nuna da ma'auni cewa wurare daban-daban na ba da hayaniya daban a ƙarƙashin iska iri ɗaya.

Zafin ruwa ma yana da hannu, kuma a nan ne lurar Piggott ke samun ma'ana. Sauti ya fi gudu a ruwa mai ɗumi, kuma kullum yana lanƙwasawa zuwa ɓangaren da gudun ya fi ƙanƙanta. Lokacin zafi saman ruwa ya ɗumama, sai sautin ya riƙa sunkuyawa yana bugun ƙasa yana rasa ƙarfi. Lokacin sanyi ruwan ya gauraye daga sama har ƙasa, sautin ya fi samun hanya. Ƙari a kan haka, ruwa marar zurfi ba ya barin sauti mai kauri ya wuce. Sautin da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa tsawon zangonsa, wato nisan da yake ci a kaɗawa ɗaya, mita 15 ne, kuma ko a kan dutse, da zarar zangon ya haura ninki huɗu na zurfin ruwan, tafiya ta ƙare. Wannan kan toshe ƙugin jiragen nesa, ya bar wa iska filin da a tsakiyar teku na jirage ne.

Sauran sanannun abubuwa ne: iskar da ta taso daga tudu ba ta samu filin gina raƙuman ruwa kamar wadda ta keto teku ba, igiyar da ke fashewa a bakin gaɓa tana da nata rurin, cika da janyewar teku na gangara tsakuwa, ƙanƙara kuma idan ta rufe arewacin Tekun Baltik da ke arewacin Turai ta kan raba iska da ruwa gaba ɗaya. Duk wanda ya ɗauko zanen Wenz ya ɗora a kan wani mashigi ba tare da ya tambayi abin da ke ƙasan ruwan ba, rabin lissafi ya yi.

Sashen da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne yadda abin da aka ɗauka cikas ya koma kayan aiki. In hayaniya na bin iska da aminci haka, ai ana iya juya lissafin. A shekarun 1980 aka fara ajiye na'ura a ƙarƙashin ruwa tana ƙiyasta gudun iska daga ƙarar da take ji, dabarar da aka laƙaba wa suna WOTAN, wadda Vagle da Large da Farmer suka tantance a 1990. Amfaninta shi ne guguwar da ke karya ma'aunin iska a saman ruwa ba ta taɓa na'urar da ke kwance a ƙasa. Jeffrey Nystuen ya yi irin wannan da ruwan sama, domin yayyafi na da tasa murya ta musamman a wajen kaɗawa 14,000 zuwa 15,000. Michael Buckingham ya nuna cewa ana iya karanta irin ƙasar teku daga yadda take maido da hayaniyar iska, kuma a 2006 Martin Siderius da Chris Harrison da Michael Porter suka auna zurfin ruwa da hawa-hawan lakar da ke ƙasa ba tare da sun aika ko sauti ɗaya ba. Kumfa ce ta yi musu aikin.

Yau ba sojoji kaɗai ke tambaya ba. Dokar kare muhallin teku da Tarayyar Turai ta kafa a 2008 ta sanya hayaniyar ƙarƙashin ruwa cikin abubuwa 11 da ake auna lafiyar teku da su, a 2010 kuma aka ware sautin da ke kusa da kaɗawa 63 da 125 a daƙiƙa a matsayin ma'aunin ƙarar jirage. Ƙasashen da ke kewaye da Baltik, tekun da matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 55 ba, sun yi shekarar 2014 cur suna saurare a ƙarƙashin shirin BIAS, na Tekun Arewa kuma suka biyo baya da JOMOPANS daga 2018. A 2022 aka amince cewa kada hayaniya mai ɗorewa ta wuce kima a fiye da kashi 20 cikin ɗari na mazaunin dabbobin da ake karewa. Kafin a ce jirage sun ƙara wa wani wuri desibel kaza, dole a san abin da iska kaɗai za ta yi a wurin, a wannan wata, a kan wannan ƙasa. Ƙarar jirgin da za ta rufe kiran kifi a ranar da teku ta kwanta tana iya ɓacewa cikin kukan kumfa washegari idan iska ta kai mita 15 a daƙiƙa, shi ya sa masu wannan aiki ke ajiye bayanan iska na kowace sa'a kusa da abin da na'urorinsu suka naɗa.