Dafuwa ba ta kashe gubar naman kaza

Jama'a, damina ta kankama, kuma yanzu ne naman kaza ke fitowa a gindin bishiyoyi, kan ruɓaɓɓen icce da jikin suri. Yara masu kiwo da iyayenmu mata masu zuwa ɗebo ganyen miya su suka fi cin karo da shi.

Ɗaɗɗoya, na'a-na'a da lawashi tsirrai ne. Suna da saiwa da fure da iri, kuma koren ganyensu ne ke haɗa musu abinci da hasken rana. Ɗan kaɗan ake jefawa a tukunya don ƙamshi, ba kamar zogale ko rama ba da ake cika kwano da su. Uwargida ta tsinki ɗaɗɗoya ta murza a yatsa ta shinshina, nan take ta san abin da ke hannunta.

Naman kaza kuwa ba tsiro ba ne sam. Ɗan'uwan funfuna ne da yis ɗin burodi. Ba ya fure, ba ya buƙatar rana, ruɓaɓɓen abu yake ci. 'Yar laimar da muke gani a sama ita ke watsa ƙurar da yake yaɗuwa da ita; ainihin jikinsa wasu fararen zaruruwa ne ɓoye a ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauko dabarar ganye a ɗora masa. Mun saba a wanke shuwaka ɗacin ya fita. Ganyen rogo ma yana da guba, amma idan aka daka shi aka tafasa sosai sai ta tafi. To, gubar mafi munin naman kaza ba ta jin wuta. A dafa, a soya, a shanya, tana nan daram. Ƙamshi ba ya tona ta, ɗanɗano ma haka. Cewa wai akuya ko ƙwaro sun ci ba su mutu ba, ba hujja ba ce, domin cikinsu daban, namu daban.

Akwai masu kyau, ban musa ba. Wanda ke fitowa a suri ana cinsa a sassa da dama na Afirka, kuma abinci ne mai amfani. Sai dai akwai wani fari mai faɗin laima da ke kama da na ci, wanda ƙarƙashinsa ke komawa kore-kore idan ya ƙosa, yana sa amai da gudawa mai tsanani. Mafi haɗari kuma shi ne wanda ba ya nuna komai sai bayan awa 6 zuwa 24. Mutum ya yi amai, ya ji sauƙi kwana ɗaya, a ce ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa a ciki.

Don Allah, wanda ba ku san shi sarai ba ku bar shi a inda yake, ku kuma ja kunnen yara. Idan an riga an ci, kada a tsaya ba da manja ko nono ana jiran gani. A tafi asibiti da duk wanda ya sa hannu a kwanon, har da wanda bai fara jin komai ba. A riƙo ragowar naman kazan a takarda, a faɗa wa ma'aikatan lafiya lokacin da aka ci.